Agogona otomatik ya faɗi a kan siminti, yanzu yana gudu: me ya kamata in yi?

Ɗan Mabera ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar agogo, musamman irin wanda ba ya aiki da batir. Ina da agogon hannu ƙirar Seiko 5, otomatik, mai gilashi a baya, wanda yayana ya kawo mini tsaraba daga Umara, kuma tun da na fara ɗaura shi bai taɓa ba ni matsala ba, in ban da 'yan sakan da yake ƙarawa a rana, waɗanda nake gyarawa duk Juma'a. Shekaranjiya da azahar na kwance shi domin in yi alwala a wurin aikinmu, na ɗora shi a kan ɗan ginin da ke gefen famfo, sai hannun rigata ya jawo shi ya faɗo a kan daɓen siminti. Tsayin wurin bai wuce ƙugun mutum ba, kuma da gefe ya sauka, ta ɓangaren ƙarfe tara.

Da na ɗauke shi na ga gilashin bai fashe ba, sai dai ɗan ƙwarzane a gefen ƙarfen, kuma hannun sakan yana tafiyarsa, saboda haka na yi hamdala na mayar da shi hannu. Da aka kira sallar magariba ne na lura ya wuce agogon wayata da kusan minti 15. Na daidaita shi, amma jiya ma haka ya yi, har ma da ɗan ƙari. Abu na biyu da ya dame ni shi ne, idan na juya hannuna ina jin wata ƙara a ciki kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, wadda ba ita ce ƙarar da na saba ji ba.

Na tambayi abokan aiki, kowa da tasa. Ɗaya ya ce maganaɗisu ne ya kama shi. Wani ya ce in buga shi a tafin hannu sau biyu ko uku zai dawo daidai. Wani kuma ya ce in huta da wahala, in kai shi kasuwa a cire injin a sa masa na batir. Tambayata ita ce, shin in ci gaba da ɗaura shi tun da yana aiki, ko kuwa in ajiye? Akwai abin da zan iya dubawa da kaina a gida ba tare da na ƙara ɓata shi ba? Kuma ta yaya zan gane mai gyaran da ya san irin wannan agogo, tun da yawancin masu tebur da nake gani a kasuwa canjin batir da maɗauri suke yi? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mai Gyara ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya kiyaye gaba. Abu na farko, kwance shi daga hannunka yanzu, ka shimfiɗa ɗan tsumma mai laushi a inda yara ba za su kai gare shi ba, ka kwantar da shi fuska sama. Bugawar da kake gani yana yi ba shaidar lafiya ba ce. Na sha karɓar agogon da ya faɗi ya tsaya cik, mai shi ya riga ya fitar da rai, amma aikin da ke cikinsa bai wuce na rabin awa ba. Na kuma sha karɓar wanda ya faɗi ya ci gaba da tafiya, mai shi ya yi ta yawo da shi wata da watanni, kafin ya zo hannuna ɓarnar ta ninka.

Ƙarar nan da kake ji ita ce dalilin da ya sa na ce ka daina ɗaurawa. A bayan injin otomatik akwai wani ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin da'ira, wanda ke juyawa duk lokacin da ka motsa hannu, shi ne yake yi wa agogon wani. A tsakiya kaɗai aka riƙe shi, nauyinsa kuma duk yana baki, saboda haka idan agogo ya bugu da ƙarfi sukurun da ke riƙe shi yakan saki, ko kuma mazauninsa ya yi sako-sako, sai ya riƙa gogar murfin baya ko jikin injin. Duk gogar da ya yi yana kankare garin ƙarfe, garin kuma yana gauraya da man da ke cikin injin ya bi haƙoran giya. Aikin da ɗaure sukuru ɗaya zai gama yau, bayan wani lokaci sai ya zama dole a kwance injin gaba ɗaya a wanke.

Batun gudu kuwa, ga yadda abin yake. Abin da ke auna lokaci a cikin agogo wata 'yar ƙaramar ƙafa ce da muke kira balans, wadda ke kaiwa da komowa ba hutawa, a jikinta kuma akwai wani siririn sifirin da aka naɗe zagaye-zagaye, wanda bai kai kaurin gashin kai ba. Tsawon wannan sifirin shi ne yake ƙayyade saurin agogo: idan ya gajarta agogo ya yi gudu, idan ya ƙaru ya yi latti. Lokacin da agogo ya faɗi da gefe, kamar yadda naka ya yi, sifirin yakan yi tsalle, zagaye ɗaya ya hau kan wani, ko ya maƙale a jikin ɗan ƙarfen da ake daidaita sauri da shi. To, ka ga ɓangaren da ke aiki ya gajarta ke nan. Da ɗan ƙarfen daidaitawar ne kawai ya gusa, abin da za ka gani bai wuce ƙarin sakan ko 'yan mintoci a rana ba. Minti 15 tsakanin azahar da magariba ya fi ƙarfin wannan, sifirin ne ya harɗe. Kada hankalinka ya tashi, domin sau da yawa ba a sayen komai. Mai hannu a natse yakan warware shi da bakin hantsaki, matuƙar bai lanƙwashe sosai ba.

Tun da naka mai gilashi ne a baya, akwai abin da za ka iya gani da idonka tun wanin da ke cikinsa bai ƙare ba. Ka je bakin taga da rana, ka buɗe kyamarar waya ka jawo hoton kusa, ka dubi ƙafar da ke kaiwa da komowa. Sifirin mai lafiya zagayensa suna da tazara iri ɗaya, suna buɗewa suna rufewa tare kamar numfashi. Idan ka ga sun taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya wage, to an sami mai laifi. Ka kuma dubi gilashin bayan ta ciki da jikin injin, ko akwai sabon zane mai bin da'ira, domin shi ne sawun ƙarfen wanin idan yana goga.

Bayan haka ka gwada shi a kwanciya daban-daban, kowace ka ba shi minti biyu ko uku kana saurare: fuska sama, fuska ƙasa, maɓallin gefe sama, maɓallin gefe ƙasa. Ka juya shi a hankali, ba da girgiza ba. Sandar da ke ɗauke da balans tana da tsini biyu, sama da ƙasa, kowanne yana zaune a cikin ramin dutse. Idan agogo yana tafiya fuska sama amma ya tsaya da zarar an kifa shi, ko akasin haka, to ɗaya daga cikin tsinin ya karye ko ya lanƙwashe, ko dutsen ya tsage, wannan kuwa sai an sayi kaya. Idan yana tafiya a dukkan kwanciyar, alama ce mai kyau.

Ka dubi fuskar ma. Fuskar agogo tana da 'yan ƙafafu a bayanta da ke riƙe ta da injin, kuma faɗuwa takan karya su, sai ka ga kwanan wata da rana ba su zauna daidai a tsakiyar tagarsu ba. Ka lura ko hannun minti yana taɓa na awa idan sun zo giftawa, ko hannun sakan yana gogar gilashi. Ka ja maɗaurin a hankali ta kowane gefe, saboda 'yan sandunan da ke riƙe shi da jikin agogo sukan lanƙwashe, kuma wanda ya lanƙwashe shi ne zai sake jefar maka da agogo, wataƙila a kan kwalta kana bisa kabu-kabu.

Abin da ban yarda ka yi ba shi ne buɗe murfin baya da almakashi ko wuƙa, ko ɗiga masa man keken ɗinki, ko kananzir, ko shanya shi a rana. Duk na ga an yi su, kuma duk gyaran gangar Auzinawa ne. Ka duba waɗannan abubuwa ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani, tare da lambar da ke rubuce a murfin baya. Haruffa huɗu na farko su ne sunan injin.

Malamin Kimiyya na Arkilla ya amsa:

Baba ya gama magana a kan aikin hannu, ni kuwa zan ɗan ƙara bayani a kan dalilin da ya sa faɗuwa daga tsayin ƙugu take yin wannan ɓarna, domin mutane da yawa suna raina ta. Abin da ya faɗo daga tsayin mita 1 yana isa ƙasa da saurin kusan mita 4.4 a sakan. Saurin ba shi ne abin tsoro ba, tsayawar ce, domin siminti ba ya lotsawa ko kaɗan, saboda haka agogon yana tsayawa ne a cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, alhali kayan da ke cikinsa suna neman ci gaba da tafiya. Akwai ƙa'idar duniya mai lamba ISO 1413 wadda ake gwada agogo da ita kafin a rubuta masa cewa yana jure bugu. Gwajin yana kwaikwayon faɗuwa daga mita 1 a kan daɓen katako mai ƙarfi, ana dukan agogon da guduma mai nauyin kilo 3, sau ɗaya ta ɓangaren ƙarfe tara, sau ɗaya a kan gilashi, kuma ƙarfin bugun yakan kai kimanin ninki 5,000 na nauyin agogon. Bayan haka ana buƙatar kada ya tsaya, kuma kada tafiyarsa ta sauya da fiye da sakan 60 a rana. A lura da cewa katako aka ce. Gidajenmu da masallatanmu na Sakkwato kuwa siminti ne da tayil, waɗanda suka fi katako tauri nesa ba kusa ba.

Kafin a ƙirƙiro kariyar bugu, karyewar tsinin balans ita ce cutar da ta fi kai agogo wurin gyara. A shekarar 1934 aka fito da tsarin Incabloc a ƙasar Suwizalan, inda aka ɗora duwatsun da tsinin ke zaune a ciki a kan wani ɗan sifirin, ta yadda idan bugu ya zo dutsen zai ɗan gusa, kaurin sandar ya ɗauki nauyin, sannan ya koma mazauninsa. Kamfanin Seiko yana da irin nasa mai suna Diashock tun 1956, kuma shi ne a cikin agogon ɗan uwanmu. Wannan kariya tsini take karewa, ba ta hana siririn sifirin harɗewa, shi ya sa bayanin Baba ya dace da abin da aka gani. Duwatsun nan kuma, waɗanda ake rubuta 17 ko 21 a fuskar agogo, yaƙutu ne da ake haɗawa a masana'anta, suna da tauri ƙwarai wajen jure goga, amma suna iya tsagewa idan an buge su.

Domin a gane ƙanƙantar abin da ake magana a kai, yawancin injinan Seiko 5 suna bugawa sau 21,600 a awa, wato sau 6 a sakan, sau 518,400 a yini da kwana. Ƙaramin sauyi a tsawon sifirin yana maimaituwa sau rabin miliyan kowace rana, saboda haka ba abin mamaki ba ne ya taru ya zama mintoci masu yawa.

Game da maganaɗisu, abokin aikinka bai yi nisa da gaskiya ba, domin idan maganaɗisu ya kama sifirin zagayensa sukan manne da juna, agogo ya yi gudu, alamar iri ɗaya ce. Sai dai irin wannan yana faruwa ne idan an ajiye agogo a kan lasifika, ko kusa da murfin waya ko jaka mai maɓallin maganaɗisu, kuma tun da naka ya fara gudu ne daga lokacin da ya faɗi, faɗuwar ta fi cancantar zargi. Gwajin ba shi da wuya. Ka nemi kamfas irin na neman alƙibla, ka ajiye shi ya natsu, sannan ka kawo agogon kusa da shi a hankali kana jujjuya shi. Ɗan motsi kaɗan ba komai ba ne, tun da akwai ƙarfe a jikin agogo, amma idan allurar ta juya sosai tana bin sa, to akwai maganaɗisu, kuma masu gyara suna da ƙaramar na'urar lantarki da ke cire shi cikin 'yan sakan ba tare da an buɗe agogo ba.

Abu na ƙarshe da ba a cika tunawa da shi ba shi ne ruwa da ƙura. Gilashin da bai fashe ba yana iya gusawa daga mazauninsa, robar da ke zagaye da shi ko ta maɓallin gefe tana iya saki, ba tare da ido ya gani ba. Kada ka ɗauka juriyar ruwan da agogon ke da ita a da tana nan. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu gumi kaɗai ya isa ya shiga, ballantana ruwan alwala, ƙurar hunturu kuwa kowace kafa ta samu shiga take yi.

Matashin Runjin Sambo ya amsa:

Da girmamawa ga Baba da Malam, ni ina ganin ana ƙara wa abin nauyi. Nawa ma Seiko 5 ne, ya taɓa faɗuwa daga kan tebur ya fara gudu kamar yadda aka bayyana, sai na riƙe shi na buga gefensa a tafin hannuna da ɗan ƙarfi, nan take ya dawo daidai, kuma har yau yana hannuna. An san wannan agogo da juriya, direbobi da 'yan kasuwa suna shekaru da shi ba tare da an taɓa buɗe shi ba. Idan bugu ne ya ɗora sifirin a inda bai kamata ba, me zai hana wani bugun ya sauke shi? A ganina ɗan uwanmu ya fara gwada wannan, idan bai yi ba sannan ya nemi mai gyara, domin kai agogo wurin wanda bai ƙware ba shi ma haɗari ne.

Ɗan Mabera ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara girma. Baba, na yi yadda ka ce. Lambar da ke baya ta fara da 7S26. Yana tafiya a dukkan kwanciya huɗun, bai tsaya a ko ɗaya ba. Da na jawo hoton kusa na ga zagayen sifirin sun cunkushe a gefen da ke kusa da ɗan ƙarfen daidaitawa, ɗaya gefen kuma a buɗe yake, kuma ƙafar ba ta juyawa da faɗi kamar yadda na saba ganinta, gajeriyar kaiwa da komowa take yi da sauri. Akwai ɗan zane mai ƙyalli a jikin injin daidai inda bakin ƙarfen wanin yake bi. Kwanan wata yana tsakiyar tagarsa, hannuwan ba sa taɓa juna. Malam, na gwada da kamfas ɗin da ke jikin dardumar mahaifina, allurar ba ta yi wani motsin kirki ba. Ban buga shi a tafin hannu ba tukuna, ina jiran abin da Baba zai ce.

Hajiyar Gawon Nama ta amsa:

Ni ba masaniyar injin agogo ba ce, amma ina so in ja hankalinka a kan shawarar nan ta sa injin batir, domin ta taɓa faruwa a gidanmu. Agogon maigidana ya faɗi ya tsaya, aka aiki yaro da shi wurin wani mai tebur ba tare da an yi masa bayani ba, ya dawo da yamma yana tafiya lafiya, kowa yana murna. Sai daga baya aka lura hannun sakan yana tsalle ɗaya-ɗaya maimakon tafiyar sulɓi da aka san shi da ita, agogon kuma ya rage nauyi. Ashe an cire injin asali an sa na batir, an yanke ƙafafun fuskar an manne ta da gam. Da aka koma neman tsohon injin aka ce an zubar. Agogon yana nuna lokaci, amma ba shi ne agogon da aka kai ba, kuma ba ya komawa yadda yake.

Saboda haka, ɗana, ka kai da kanka, kada ka aika. Kafin ka bar gida ka ɗauki hoton bayan agogon yadda injin da lambobin murfin za su fito sarai. Idan ka je ka faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, tsayin da ya faɗo da irin daɓen da ya faɗa a kai, sannan ka ce a buɗe a gabanka a nuna maka matsalar. Ku yi ciniki tun kafin a taɓa komai, ka kuma sharɗanta cewa duk abin da aka canja a ba ka tsohon, kuma ba za a canja komai ba sai an kira ka. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan sharaɗi. Idan kana neman wanda ya iya, ka tambayi dattawan da ka gani da tsofaffin agogo a masallacin unguwarku ko a kasuwa, su suka san wanda yake yi musu aiki tun kafin agogon batir ya cika gari.

Tsohon Mai Gyara ya sake amsawa:

Madalla, ɗana, bayaninka ya fito da komai fili. Tafiyar da yake yi a kowace kwanciya tana nuna tsinin balans suna nan lafiya, karyewarsu kuwa ita ce babban abin da nake jin tsoro. Abin da ya rage shi ne sifirin da ya maƙale da ƙarfen wanin da yake goga, kuma duka biyun aikin zama ɗaya ne idan Allah ya sa ba a sami wani abu a ɓoye ba.

Game da maganar ɗan uwanka na Runjin Sambo, ba ƙarya ya faɗa ba, yakan faru bugu ya saki sifirin da ya ɗan rataya. Sai dai shi nasa ba ya ƙara, naka kuwa akwai ƙarfe mai nauyi da ya riga ya saki a ciki, kuma duk bugun da ka yi shi ne zai fara amsawa. Sannan wanda yake bugu daga waje ba ya ganin ta wane gefe sifirin ya hau. Idan ya dace ya sauka, idan bai dace ba ya ƙara lanƙwashewa, sifirin da ya karye gwiwa kuwa ba kowane mai gyara ne yake iya miƙar da shi ba, sai a koma neman sabon balans sukutum. Inda na yarda da shi ɗari bisa ɗari shi ne cewa hannun da bai ƙware ba ya fi faɗuwa ɓarna.

Ga yadda za ka gane wanda ya iya. Murfin bayan agogonka murɗa shi ake yi, yana da mabuɗinsa na musamman mai haƙora da ke shiga ramukan murfin, saboda haka idan ka ga mutum ya ɗauko almakashi ko filaya, karɓi abinka ka yi masa sallama. Ka dubi teburinsa, ko akwai madubin ido, da hantsaki masu tsinin baki, da ƙananan kwalaben mai, da abin rufe kayan da ya kwance. Ka lura ko yana taɓa inji da yatsa tsirara, ko yana hura shi da baki, domin danshin numfashi tsatsa yake kawowa. Kuma a garin nan namu, wanda yake aiki a cikin shago ko akwatin gilashi ya fi wanda yake buɗe inji a bakin titi inda kowace mota ta wuce sai ta tayar da ƙura. Idan yana da na'urar da ke sauraren bugun agogo ta nuna sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana, to ya fi. Idan ba shi da ita, ka yarda ya riƙe agogon kwana biyu ko uku yana gwada shi da agogon waya. Wanda ya ce maka ya gama daidaita shi cikin minti biyar bai gwada komai ba. Kada kuma ka sa ran ya yi daidai da waya sakan da sakan. Irin wannan inji idan ya ƙara ko ya rage sakan 20 ko 30 a rana, lafiyarsa ƙalau.

Ka ce masa ya duba ko garin ƙarfe ya bazu. Idan kaɗan ne a sama za a iya ɗauke shi, idan kuwa ya shiga ciki, ko agogon ya yi shekaru ba a wanke shi ba, gara a haɗa da wanki da sabon mai tun da an riga an buɗe. A canja robar murfin baya a shafa mata man da ake shafa wa roba. Kayan 7S26 ba su da wuyar samu, domin tun 1996 aka fara ƙera shi kuma an yi shi da yawan gaske, masu gyara da dama suna da matattunsa da suke cirar kaya a jiki. Ko da ta kai ga canja inji gaba ɗaya, akwai sabon injin otomatik na gidan Seiko mai lamba NH36 wanda girmansu ɗaya, ana iya sa shi da 'yan gyare-gyare, saboda haka babu dalilin da zai sa a kai ka ga na batir.

Yanzu ka bar shi a kan tsummansa ya tsaya da kansa, wanin da ke cikinsa ba ya wuce kimanin awa 40. Wannan inji ba a yi masa wani da maɓallin gefe, saboda haka kada ka wahalar da kanka da murɗawa. Idan za ka tafi da shi ka naɗe shi a hankici ka sa a aljihun gaba, kada ka ɗaura. Ranar da ka karɓo shi kuma, idan ka tarar ya tsaya, kada ka yi gaggawar gyara kwanan wata, domin ba ka sani ba ko hannuwan dare suke nunawa ko rana, kuma ba a son a taɓa kwanan wata tsakanin ƙarfe 9 na dare da ƙarfe 4 na asuba, lokacin da haƙoran da ke juya shi suke cikin aiki. Ka jawo maɓallin zuwa mataki na biyu, ka tura hannuwan gaba har ka ga kwanan wata da rana sun juya, ka wuce da su zuwa ƙarfe 6 na safe, sannan ka koma mataki na farko ka gyara kwanan watan, daga nan ka saita lokaci.